ASUN KAKI DA DANGINSA: ƘWARIN DA KE ƁATA AMYA DA RUMBU DA KARA

Zuwa ga manoma, da masu kiwon zuma, da dagatai da masu unguwanni na Zawaciki da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Kumbotso.

Duk wanda ya daɗe yana ɗora amya ya san irin wannan asara. Mutum ya kan ɗora amyarsa kan ɗorawa ko tsamiya, zuma ta shiga, ya yi ta lissafin abin da zai samu da bazara. Ran da ya hau ya buɗe sai ya tarar ba ƙudan zuma ko ɗaya, saƙa ta zama baƙin tarkace, wata yana kamar ta gizo ta lulluɓe ta, tsutsotsi suna ta yawo a ciki. Waɗansu su kan ce bakin mutane ne. Ba baki ba ne. Aikin wani ɗan ƙwaro ne mai tashi da dare, wanda cikin takardan nan za mu kira shi asun kaki, domin kakin zuma ne abincin 'ya'yansa. Ku lura, ba shi ne asun da ke cin riga cikin adaka ba, wannan gidansu daban.

Asun kaki yana da dangi masu yawa, kuma kusan dukansu abokan gabanku ne. Waɗansu suna cikin buhun gyaɗa, waɗansu cikin karan gero, waɗansu cikin furen wake. Ku mutanen Zawaciki kuna zaune tsakanin gona da sito: ga gonakinku, ga kuma manyan ɗakunan ajiya na masana'antun Challawa da Sharada da Bompai, ga tashar kaya ta kan tudu da aka buɗe a garinku cikin Janairu 2023, inda a ke shirya kayan da za su ƙetare teku. Saboda haka sanin waɗannan ƙwari ya wajaba a kanku fiye da kowa.

1. YADDA MASANA SUKA KASA SU

Kun san yadda a ke kasa ƙasa: masarauta ta kasu gundumomi, gunduma ta kasu ƙauyuka, ƙauye ya kasu unguwanni, unguwa ta kasu gidaje. Haka masana halittu su ke yi wa ƙwari. Duk ƙwaron da fukafukansa ke da wani gari mai laushi da ke manne wa yatsa in an kama shi, masarautarsu ɗaya, sunanta Lepidoptera da bakin Latin. Malam-buɗe-littafi yana ciki, faɗa-wuta da ke kewaya fitila yana ciki. An ƙidaya irinsu fiye da 150,000. Dukansu su kan bi hawa huɗu: ƙwai, tsutsa, kwanso, sa'an nan mai fukafuki.

Cikin masarautan nan akwai wata babbar gunduma da a ke kira Pyraloidea, mai iri kamar 16,000. Mu kan ce da su masu tsinin baki, don galibinsu suna da waɗansu 'yan gaɓoɓi biyu da suka miƙe gaban kai kamar tsinin hanci. Ba da su su ke cizo ba, na ɗanɗano ne da shafa. Alamarsu ta biyu ita ce kunne. Kunnuwansu ba a kai su ke ba, suna gindin ciki, bayan ƙafafun baya.

Gunduman nan ta rabu gida biyu, kuma ƙirar kunnen nan ita ce babbar shaidar da masana su ke dubawa su raba su. Gida na farko shi ne Pyralidae, mai iri kamar 6,000. Na biyu Crambidae, mai iri kamar 10,000. Dā a kan haɗa su wuri ɗaya, daga baya aka tabbata gida biyu ne. Gidan Pyralidae kuma ya kasu ɗaki 5. Biyu daga ciki su ne suka shafe ku: ɗakin Galleriinae, inda asun kaki ya ke, da ɗakin Phycitinae, wanda ya fi kowane yawa, inda manyan masu ɓarnar sito su ke.

Kada ku ce wannan lissafin malamai ne kawai. Amfaninsa shi ne 'yan gida ɗaya halinsu ɗaya. Tsutsotsin dangin nan kusan duka ɓoye su ke ci, cikin saƙa ko kara ko tsakiyar buhu, suna saƙa yana su rufe kansu. Don haka maganin da aka fesa daga waje sau da yawa ba ya kai gare su. Tsabta da rigakafi su ne ke cin su.

2. BABBAN ASUN KAKI

Wani masani mutumin Suwidin mai suna Linnaeus shi ya fara rubuta shi cikin 1758. Sunansa na Latin Galleria mellonella. Yanzu yana kusan ko'ina a duniya inda a ke kiwon zuma, amma ɓarnarsa ta fi tsanani a ƙasashe masu zafi irin tamu.

Launinsa toka-toka ne da ɗan ja-ja, tsawon jikinsa bai kai inci ɗaya ba, in ya buɗe fukafuki ya kan kai inci ɗaya da 'yan kai. In ya sauka sai ya kifa fukafukansa kamar jinka. Da rana ya kan laɓe cikin ɓawon itace ko ƙarƙashin amya. Da almuru ya yi sai macen ta nemi hanya ta saci jiki ta shiga, ko kuwa ta tsaya daga waje ta zura ƙwai cikin tsaga inda ƙudan zuma ba su iya kai baki. Mace ɗaya ta kan yi ƙwai 300 zuwa 600, wata ma ta fi haka nesa.

Lokacin zafi ƙwan ya kan ƙyanƙyashe cikin kwana 5 zuwa 8. Da sanyin hunturu ya kan daɗe, har ya kusa wata. Tsutsar da ta fito ƙanƙanuwa ce ƙwarai, amma mai sauri. Nan da nan sai ta kutsa tsakiyar saƙa, ta haƙa rami, ta shafe shi da yana. Cikin ramin nan ta ke tafiya tana ci, ƙudan zuma kuwa ba su iya cim mata.

Ga wani abu da ya kamata kowane mai amya ya riƙe. Ko da ya ke tsutsan nan tana iya narkar da kaki cikin cikinta, abin da dabbobi kaɗan ne ke iyawa, kaki zalla ba ya ƙosar da ita. Abin da ta fi so shi ne tsohuwar saƙa baƙa wadda zuma ta riga ta yi reno a ciki, domin nan akwai garin fure da saɓar 'ya'yan zuma, su ne ke gina jikinta. Sabuwar saƙa fara, da kakin da aka narkar aka tace, ba su cika damunta ba.

In akwai zafi da abinci ta kan ƙosa cikin mako 4 zuwa 7, ta kai kamar inci ɗaya, fara-fara mai jan kai. In sanyi ya kama ta, ta kan yi watanni. Sa'ad da ta ƙosa sai ta bar saƙa ta nemi katako ko jikin amya, ta ƙwaƙule wani ɗan gurbi mai siffar kwalekwale, ta saƙa farin kwanso mai ƙarfi, kama da na tsutsar tsamiya da a ke zaren ɗinkin riga da shi. Su kan jeru da yawa gefe da gefe. Bayan mako ɗaya ko biyu na zafi sai mai fukafuki ya fito. Shi ba ya ci, ba ya sha, aikinsa aure da ƙwai kaɗai. Macen ta kan yi kamar kwana 12 a duniya, namijin kamar mako 3. Kun ga ke nan, a ƙasar Kano zuriya ta kan bi zuriya sau da dama cikin shekara guda.

Ɓarnarsu iri uku ce. Suna cinye saƙa. Suna ɓata zuma da kashinsu, wanda ya ke baƙi ƙanana kamar garin barkono. Yanarsu kuma ta kan ɗaure 'ya'yan zuma cikin ramukansu, su kasa fita, su mutu nan. In abin ya yi yawa sai zuma ta yi ƙaura. Zumar ƙasarmu kuwa dā ma mai saurin ƙaura ce in an matsa mata.

Akwai abin al'ajabi game da ƙwaron nan. Namiji ya kan kira mace da wani ƙamshi da kuma wata ƙara siririya wadda kunnen mutum ba ya ji. Cikin 2013 masana a Jami'ar Strathclyde ta Sikotilan suka gwada jinsa, suka samu yana jin ƙarar da ke girgiza har sau 300,000 cikin sakan ɗaya. Kunnen mutum iyakarsa kamar 20,000. Da wannan ji ya ke gane kukan jemage, babban maƙiyinsa, ya kauce.

3. ƘARAMIN ASUN KAKI

Wannan sunansa Achroia grisella, wani masani mutumin Denmak mai suna Fabricius ya rubuta shi cikin 1794. Tsawonsa kamar rabin inci ne, launinsa toka mai sheƙi, kansa rawaya. Tsutsarsa ta fi son tarkacen da ke zuba ƙasan amya. In ta hau saƙa ta kan bi ƙarƙashin murfin ramukan reno, sai ƙudan zuma su buɗe murfin suna nemanta, ku ga kawunan 'ya'yan zuma a fili cikin layi. Inda babban ya yi yawa ya kan danne ƙaramin. Maganinsu ɗaya.

4. YADDA ZA KU TSARE AMYA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amyar da ke cike da ƙudan zuma masu ƙarfi ita ke tsaron kanta, su kan kama tsutsa su jefar waje. Asu ba ya cin galaba sai kan amyar da ta raunana, ko don yunwa, ko don sarauniya ta mutu, ko don an ƙone rabin ƙudan da wuta wajen ɗiba. To, ga abin da za ku yi.

Na ɗaya, in za ku ɗebi zuma ku yi da hayaƙi mai sanyi, kada ku cusa harshen wuta. Ku bar musu saƙar reno da ɗan abin da za su ci.

Na biyu, ku liƙe kowace tsaga. Mai amyar saƙa ya sake yaɓa ta da kashin shanu, mai amyar katako ya toshe haɗin allunan. Ƙofa ta zama ƙarama yadda masu gadi za su iya tsare ta.

Na uku, kada amya ta fi ƙarfin zumar da ke ciki. Saƙar da ƙuda ba su rufe ba, ku cire ta, musamman baƙa.

Na huɗu, in zuma ta yi ƙaura kada ku bar amya a kan itace da saƙa a ciki, gidan reno ke nan kun gina wa asu, daga nan zai watsu ga amyoyin maƙwabta. Ku sauke ta, ku kankare, ku babbaka cikinta kaɗan don ƙwai da kwanso su mutu, sa'an nan ku sake ɗorawa.

Na biyar, in kun matse zuma kada ku zubar da saƙa bayan gida. Ku narkar da ita cikin ruwan zafi ran nan, ku tace da tsumma, ku bar kaki ya daskare. Kaki kuɗi ne, masu sana'ar fata da masu man shafawa suna saye.

Na shida, mai son ajiye saƙa don wata shekara ya rataye ta inda haske da iska ke ratsawa, don asu duhu ya ke so. Wanda ke da firiza ya sa ta ciki kwana 2, sanyin ya kan kashe ƙwai da tsutsa duka. Kada ku sa kafur ko maganin feshi kusa da saƙa, kaki ya kan tsotse dafi ya zuba cikin zuma.

5. DANGINSA NA CIKIN SITO

Dattawanku suna tune da dalar gyaɗa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, har aka riƙa tara buhuna kamar duwatsu suna jiran jirgi, dala ɗaya ta kan ɗauki buhu 15,000. Gyaɗar da ta daɗe a tsaye kuwa ƙwari su kan same ta. Binciken ƙwarin kayan ajiya da aka fara cikin 1948 shi ne asalin cibiyar binciken ajiyar amfanin gona ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Ilorin, tana kuma da reshe a Kano. Dala ta wuce, amma ƙwarin ba su wuce ba. Uku daga cikinsu dangin asun kaki ne.

Na farko shi ne asun shinkafa, Corcyra cephalonica. Ɗakinsu ɗaya da asun kaki. Launinsa kamar na ƙasa mai haske. Yana jure bushewar iska ƙwarai, shi ya sa ƙasar Arewa ta karɓe shi. Ban da shinkafa yana cin gero da dawa da ɓararriyar gyaɗa, yanarsa kuwa mai kauri ce, ta kan dunƙule tsaba ta zama curi.

Na biyu asun sito, Cadra cautella, mai launin toka. Tsutsarsa tana da ɗige-ɗige baƙaƙe a baya. In zafi da laima sun haɗu, kamar da damina, ya kan gama rayuwarsa daga ƙwai zuwa fukafuki cikin wata guda. Shi ne ku ke gani yana shawagi kan buhuna da magariba.

Na uku Plodia interpunctella, mai sauƙin ganewa: gindin fukafukinsa fari-fari, sauran ja kamar tagulla. Yana son gari, da dabino, da gyaɗa, da kayan zaƙi.

Dukansu sun fi kama fasasshiyar tsaba da gari, kuma su kan fara cin idon tsaba, inda tsiro ke fitowa. Don haka irin shuka da suka taɓa ba ya tsira da kyau. Ku shanya amfani ya bushe sarai, ku sheƙe shi. Gyaɗar da za ta daɗe ku bar ta cikin kwanso. Kafin sabon hatsi ya shiga rumbu ku share tsohon, ku ƙone sharar, ku yaɓe tsaga. Tsohon buhun da aka sayo daga sito ko kasuwa ku juya shi ku shanya a rana mai zafi, don ta cikin ɗinkinsa ƙwari su ke zuwa ƙauye daga birni. Ku jera buhuna kan katako, nesa da bango. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda a ke kira PICS, in an ɗaure shi da kyau ya kan toshe iska ƙwari su mutu ba tare da magani ba.

Ku yi hattara da zuba fiya-fiya cikin abinci. Cikin 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan dafi da aka samu a cikinsa. Kayan da za su fita waje, ƙwaro mai rai ya kan sa a ƙi su, dafi ma haka. Ƙwayar turara hatsi kuwa tana kashe mutum, aikin wanda aka koya wa ne, kuma ba a sa ta cikin ɗakin da a ke kwana.

6. DANGINSA NA CIKIN GONA

Tsutsar karan gero, Coniesta ignefusalis, 'yar gidan Crambidae ce. Macen ta kan sa ƙwai tsakanin kara da kuben ganye. Tsutsa ta huda ta shiga, ta kashe zuciyar ƙaramin gero, babba kuwa ta raunana shi iska ta karya. Su kan yi zuriya 2 ko 3 cikin damina ɗaya, don haka maiwa da geron da aka makara shukawa sun fi shan wuya. In rani ya shigo tsutsar ba ta mutuwa, sai ta kwanta cikin busasshen kara wata 6 ko fiye, tana jiran ruwan farko. Watau darnin da kuka yi da karan bara, da tarin karan da ke bayan gida, su ne ke ajiye muku ita. Ku sare kara da wuri bayan girbi, ku shimfiɗa shi ƙasa rana ta gasa shi. Wanda za a yi darni da shi a babbaka shi sama-sama tukuna. Abin da ya rage a ba dabbobi ko a yi girki da shi kafin ruwa ya sauka.

Tsutsar furen wake, Maruca vitrata, ita ma gidan nan ta ke. Tana da ɗige-ɗige a jiki, ta kan ci fure ta haɗa shi da kwanson wake da yana. A mummunar shekara ta kan cinye mafi yawan amfanin gona. Cikin 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T wanda ke jure mata. Ku sani fa, ita kaɗai ya ke karewa, sauran ƙwarin wake suna nan.

Masu rake a fadama kuma su san Eldana saccharina, wadda aka fara rubutawa daga Saliyo cikin 1865. Ko da ya ke kara ta ke huda, ɗakinsu ɗaya da asun kaki. Tana kama rake da masara da dawa, ta fi kuma son raken da ya wuce lokacin sara.

Tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan cikin 2016 tana cin kan masara, ita ba danginsu ba ce, gidanta daban.

7. KO MUGU YANA DA RANARSA

Cikin 2017 wata masaniya mai suna Federica Bertocchini, da ke aiki a Sifen, tana kuma kiwon zuma, ta ba da labarin cewa tsutsar asun kaki tana huda leda. Cikin 2022 ita da abokan aikinta suka nuna akwai abin da ke fara narkar da leda cikin yawun tsutsar. Duk wanda ya ga yadda leda ke toshe magudanai da kashe awaki ya san darajar wannan bincike. Likitoci kuma suna kiwon tsutsar don gwajin magunguna. Amma darasin mai amya a nan shi ne, ɗaure saƙa cikin leda mara kauri ba ya tsare ta.

8. ABIN DA YA RATAYA A WUYAN DAGATAI

Ƙwaro mai fukafuki bai san iyakar gona ba. In mutum tara sun gyara, ɗaya ya bar amyarsa ta ruɓe kan itace ko ya bar tsohon kara har damina, wahalar taran ta tashi banza. Don haka muna roƙon kowane dagaci ya tara masu unguwanni a karanta musu takardan nan, su kuma su isar ga waɗanda ba su karatu. A sa rana bayan girbi ta sharar rumbuna, a sa wata kafin ruwan farko ta duba kara da amyoyin da ba zuma. In kun ga tsutsar da ba ku sani ba, ku sa ta cikin kwalba tare da abin da ta ke ci, ku kai wa malamin gona.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbu da amya, amin.